Hukuncin rinto da sa manhajar maguɗi a wasannin gem na intanet

Tambaya

Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ni matashi ne daga Gwammaja, ina gyaran waya a kasuwar Farm Centre. Da daddare ni da abokaina uku muna buga PUBG Mobile, wasan harbe-harbe na waya, a tawaga ɗaya. Kwanakin baya ɗaya daga cikinmu ya sauke wani kwafin wasan da aka yi wa kwaskwarima, wanda yake nuna masa abokan karawa ko suna bayan gini, bindigarsa kuma ita take saita kanta. Da shi muka ci wata gasa da aka haɗa a WhatsApp, kowace tawaga ta zuba naira 4,000, mu muka kwashe, aka ba ni kasona. Ni ban sa komai a wayata ba. Da na nuna masa hankalina bai kwanta ba, sai ya ce ai wasa ne ba ciniki ba, kuma hadisi ma ya ce yaƙi ɗan zamba ne, sannan waɗanda muke karawa da su ma haka suke yi. Malam, mene ne hukuncin wannan, kuma yaya zan yi da kuɗin? Yara kuma suna kawo mini waya in sa musu manhajar su biya ni. Sai ƙanina, shi kuma in ya ga ana cin sa a wasan ƙwallon ƙafa na eFootball sai ya kashe data. Akwai kuma ƙwararru masu buɗe sabon akawun don su riƙa karawa da 'yan koyo, da masu biyan wani ya haura musu matsayi. Allah ya ƙara wa Malam lafiya.

Amsa

Wa alaikumus salam wa rahmatullahi wa barakatuhu. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa.

Ɗana, Allah ya yi maka albarka da ba ka danne wannan rashin natsuwar ba. Sa irin wannan manhaja a wasan da ake karawa da mutane haramun ne, kuɗin da aka ci da ita ba halal ba ne, kuma sa wa wasu ita don a biya ka shi ma haramun ne. Sauran abubuwan da ka lissafa ba nauyinsu ɗaya ba, zan zo kansu.

Ba zan daɗe a kan asalin wasan ba tunda ba shi ka tambaya ba. Malaman zamani sun saɓa. Majalisar malaman lardin Aceh a Indonesiya ta haramta PUBG a 2019, wasu kuma sun bar irin waɗannan wasanni a kan asalin halacci matuƙar ba caca, ba tsiraici, ba abin da ya taɓa aƙida, kuma ba su hana salla ko neman abinci ko karatu ba. Ni a nan na tsaya. Amma wanda ya san Asuba tana kuɓuce masa saboda ya kai ƙarfe biyun dare yana harbi, wannan ba sai ya tambayi kowa hukuncinsa ba.

Abokinka ya ce wasa ne. Gaskiya ne bindigar ta ƙarya ce, ginin ma na ƙarya ne. To amma wanda aka harba fa? A zagaye guda har mutum 100 ake zubawa a fili, kuma da yawansu 'yan Adam ne da suka sayi data da kuɗinsu, suka ɓata lokacinsu, suka shigo a kan fahimtar cewa abin da suke gani shi kowa yake gani. Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira cewa Annabi (SAW) ya wuce wani tsibin abinci a kasuwa, ya zura hannunsa sai ya ji danshi. Mai kayan ya ce ruwan sama ne ya taɓa shi. Annabi ya ce masa me ya hana ka sa shi a sama mutane su gani? Wanda ya yi algus ba ya tare da ni. Dalilin hadisin ciniki ne, amma lafazinsa gamamme ne, shi ya sa malamai suke kafa hujja da shi a kan satar amsa a jarrabawa da ha'inci a aure da a aikin ofis. Algus shi ne ka nuna wa mutum fuska ɗaya ka ɓoye masa wadda da ya gani da bai yarda ba. Abokinka ya nuna musu waya irin tasu, ya ɓoye abin da ke cikinta.

Kuma shari'a ba ta taɓa mayar da kalmar "wasa" mafaka ba. Abu Dawud ya ruwaito cewa Annabi (SAW) ya lamunce gida a tsakiyar Aljanna ga wanda ya bar ƙarya ko da yana raha ne, ya kuma ruwaito hanin da ya yi kada ɗayanku ya ɗauki kayan ɗan'uwansa, da wasa ko da gaske.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne Annabi (SAW) da kansa ya shirya gasa, kuma ya kafa mata ƙa'ida. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Ibn Umar, hadisin yana cikin Muwaɗɗa ma, cewa ya sa an yi sukuwa tsakanin dawakin da aka yi wa horo daga Hafya'u zuwa Saniyyatul Wada'i, waɗanda ba a yi wa horo ba kuma ya ware su daban, daga Saniyya zuwa masallacin Banu Zuraiƙ. Tazarar farko wajen mil 5 ko 6 ce, ta biyu kuwa wajen mil 1. Ka ga an raba rukuni, kowa da tsaransa. Abu Dawud kuma ya kawo hadisin Imrana ɗan Husaini cewa babu jalab babu janab a tsere. Malamai sun fassara jalab da cewa mahayi ya sa wani ya biyo bayan dokinsa yana yi masa ihu yana kora shi, janab kuwa ya jawo wani dokin a gefe, in na farko ya gaji ya koma kan sabon. Duba da kyau: ba wanda aka daka, ba wanda aka ƙwace wa komai. Abin da aka hana shi ne shigo da taimako daga waje wanda abokin tsere ba shi da shi, ta yadda sakamakon ba zai ƙara nuna wane doki ya fi gudu ba. Manhajar da take saita wa mutum bindiga jalab ce ta wannan zamani, wani ne a ɓoye yake yi masa aikin da aka ce yatsunsa su yi.

Akwai kuma ruwayar Bukhari daga Salamatu ɗan Akwa'u. Annabi (SAW) ya tarar da wasu 'yan ƙabilar Aslam suna gasar harbi, ya ce ku harba, ni ina tare da su wane. Sai ɗaya ɓangaren suka dakata, suka ce yaya za mu yi harbi alhali kana tare da su? Ya ce ku harba, ina tare da ku gaba ɗaya. Sahabbai sun ga ma'auni ya karkata, suka faɗa, shi kuma ya daidaita shi.

Yanzu hujjar abokinka mai ƙarfi, wadda na san ita ce take yawo a bakin matasa. Hadisin yaƙi ɗan zamba ne ingantacce ne, Bukhari da Muslim duk sun kawo shi. Sai dai Imam Nawawi da yake sharhinsa ya ce malamai sun haɗu a kan halaccin yaudarar abokin gaba a yaƙi ta kowace hanya, sai in za ta kai ga karya alkawari ko aminci, to wannan bai halatta ba. Ga misali a aikace: Huzaifa ɗan Yamani da mahaifinsa, Ƙuraishawa suka tare su a hanya, ba su sake su ba sai da suka yi alkawarin za su wuce Madina ba za su yi yaƙi tare da Annabi ba. Suka zo suka ba shi labari ana shirin Badar, ranar da Musulmi suke buƙatar kowane takobi. Ya ce su koma, za mu cika musu alkawarinsu mu nemi taimakon Allah a kansu. Muslim ne ya ruwaito. In a Badar ba a karya alkawarin da aka yi wa mushirikai ba, ina ga wasan waya da yaron da ke Kurna ko Karachi?

Abin da hadisin yake ba ku a cikin wasa shi ne dabarar da kowa ya shigo ya san za a yi masa. Kwanton ɓauna, jefa hayaƙi don a ruɗa, barin mota a fili a matsayin tarko, yin kamar kun gudu ku zagayo ta baya, yanka a ƙwallo, duk halal ne, su ne ma daɗin wasan. Wanda ya ruɗe ka a dara har ka saki ɗa gwani ne. Wanda ya matsar da ɗa lokacin da ka juya kana amsa sallama, ɗan rinto ne, kuma ba dattijon da ke zaune a wajen da zai kasa bambanta su. Ma'aunin da zan ba ka ka riƙe shi ne: abin nan da kake yi, za ka iya faɗar sa a fili kafin a fara, kuma su yarda a ci gaba? In abokinka zai iya rubutawa a zauren gasar cewa wayata tana gani ta bayan bango, kuma sauran su zuba kuɗinsu duk da haka, to ba algus. Ka san ba zai rubuta ba. Annabi (SAW) ya gaya wa Nawwasu ɗan Sam'ana cewa zunubi shi ne abin da ya yi maka kaikayi a ƙirji kuma ka ƙi mutane su gano shi.

Bayan haƙƙin 'yan wasa akwai na kamfanin. Ranar da kuka buɗe akawun kun danna "na yarda" a kan sharuɗɗansu, kuma hana sauya manhaja yana cikinsu. Ƙin karantawa ba ya ɗauke alkawari. A mazhabarmu ciniki yana ƙulluwa da duk abin da ya nuna yarda ko ba a furta komai ba, haka Shaihu Khalil ya faɗa a Mukhtasar. Allah ya ce a farkon Suratul Ma'ida ku cika alkawura, hadisi kuma ya ce Musulmi suna kan sharuɗɗansu, ban da sharaɗin da ya halatta haram ko ya haramta halal. Sharaɗin kada ka cuci abokin wasa bai haramta wani halal ba. Su kansu masu harkar ba su ɗauki abin da sauƙi ba. PUBG Mobile tana rufe akawun ɗin mai maguɗi har shekara 10. A 2021 'yan sandan birnin Kunshan a ƙasar Sin, da haɗin gwiwar kamfanin Tencent, sun kama wani gungu da aka ce ya tara kimanin dala miliyan 76 daga sayar da irin waɗannan manhajoji. Koriya ta Kudu tun 2017 ta mayar da ƙirƙira da rarraba su laifin da zai iya kai mutum ɗaurin shekara 5. A 2018 an kama wani ɗan wasan Indiya a tsakiyar gasa a Shanghai da manhajar saiti a kwamfutarsa, aka kori tawagarsa, shi kuma aka dakatar da shi shekara 5. Na kawo waɗannan ne ba don dokar Sin ko Koriya hujja ce a kanmu ba, sai don a ga al'adar masu wasan a duniya ta tabbata a kan cewa wannan cuta ce, kuma abin da aka sani a al'ada kamar abin da aka shardanta ne.

Batun "su ma suna yi" kuwa, Annabi (SAW) ya ce ka mayar da amana ga wanda ya amince maka, kada ka ha'inci wanda ya ha'ince ka. Ko da a ce ramuwa ta halatta a nan, manhajar ba ta tantance mai laifi. Duk wanda ya gifta take harbi, kuma yawancinsu ba su sa komai ba. Hanyar da take a buɗe ita ce ku kai rahoton mai maguɗi ta maɓallin da aka tanada, wannan ba gulma ba ce ba kuma annamimanci ba. Sai dai ku ji tsoron Allah a nan ma, don na san duk wanda aka kayar yanzu sai ya ce mai hak ne, wato mai manhajar maguɗi, ya kashe shi. Taguwar Annabi (SAW), Adba'u, ba a taɓa tsere mata ba sai ranar da wani baƙauye ya zo da ɗan raƙuminsa ya wuce ta. Abin ya yi wa sahabbai zafi, amma Annabi bai tuhumi kowa ba, cewa ya yi haƙƙi ne a kan Allah ba abin da zai ɗaukaka a duniya face ya sauke shi. Tuhumar gwani ba hujja mummunan zato ne, haɗa kai a yi ta kai rahotonsa don a rufe masa akawun kuwa zalunci ne.

Sai kuɗin. In ka san da manhajar kafin gasar ka yi shiru, kai abokin tarayya ne a laifin ko da wayarka tsaf take, domin da idonsa kuka gani, da harbinsa kuka ci. In sai daga baya ka sani, ba ka da zunubin abin da ya wuce, amma kuɗin duk da haka ba naka ba ne. Allah ya ce a Suratun Nisa'i, aya ta 29, kada ku ci dukiyar junanku da ɓarna sai dai ta kasuwanci bisa yardar juna, su kuwa ba su yarda da abin da aka yi musu ba.

Akwai wata matsalar da ta riga maguɗin, wadda ba ka tambaya ba amma ba zan tsallake ta ba. Gasar da kowa zai zuba kuɗi wanda ya ci ya kwashe caca ce, ko da an buga ta tsakani da Allah. Hadisi ya taƙaita gasar kuɗi ga raƙuma da dawaki da harbin kibiya, kuma ko a waɗannan ukun Imam Malik bai yarda 'yan tsere su haɗa kuɗi mai nasara ya ɗauke ba, kamar yadda Ibn Abi Zaid ya kawo a ƙarshen Risala. In wani ne daga waje, ɗan kasuwa ko kamfani, ya sa kyauta ba tare da an karɓi kuɗin shiga ba, wasu malaman zamani sun halatta a matsayin kyauta, wasu sun tsaya a kan ukun nan. Taku ba ta shiga wannan saɓanin ba. Don haka abin da za ka yi shi ne ka cire abin da kai ka zuba, ragowar kason naka ka mayar wa tawagogin da suka zuba, gwargwadon abin da ya zo hannunka daga kowacce. Tunda a WhatsApp aka haɗa, lambobinsu suna nan, tura kuɗi kuma ba wuya. Ba dole ba ne ka tona asirin abokinka da suna, ya isa ka ce kuɗin bai halatta gare ka ba. Wanda ka neme shi da gaske ka rasa, ka yi sadaka da kasonsa da niyyar ladan ya je masa. Da a ce kyautar ta mai ɗaukar nauyi ce, da shi za a mayar wa, ya ba waɗanda suka zo na biyu.

Yaran da suke kawo maka waya, ka daina sa musu. Allah ya ce kada ku taimaki juna a kan zunubi da ƙetare iyaka, kuma wannan manhaja ba ta da wani amfani sai cutar abokin wasa, ba kamar wuƙa ba ce da za a ce ana yanka albasa da ita. Ladan aikin haram haram ne. Kai da kake gyaran waya ka fi ni sanin cewa irin waɗannan fayiloli da ake saukewa a Telegram da shafukan da ba a san masu su ba sukan zo da manhajar leƙen asiri, kuma sau da yawa wayar da yaron ya kawo ta mahaifiyarsa ce, da manhajar banki a ciki. In aka kwashe mata kuɗi ta ƙofar da ka buɗe, kana da kaso a alhakin. Abin da ka karɓa a baya kafin ka san hukunci, ka yi istigfari, in kuma kana da hali ka fitar da kwatankwacinsa sadaka ya fi maka tsarki.

Ƙaninka nasa da sauƙi amma ba a rasa abin faɗa ba. In ya fita ne wasan ya rubuta masa an ci shi, abokin karawa ya samu makinsa, to wannan rashin ladabi ne da ƙarancin juriya, makaruhi ne, bai kai haram ba. In kuwa a gasar unguwa ce da ƙa'idarta ta ce in sabis ya ɗauke a sake bugawa, shi kuma ya kashe data da hannunsa ya ce sabis ne, ya haɗa ƙarya da algus. Wanda sabis ya yanke masa da gaske, ko aka kira salla, ko mahaifiyarsa ta aike shi, ya ajiye ya tashi, ba komai a kansa.

Ƙwararren da ya buɗe sabon akawun don ya riƙa ragargazar 'yan koyo ya shigar da horarren doki cikin rukunin da ba nasa ba. In tsohon akawun ɗinsa ne ya ɓata ya fara sabo, ba laifi, wasan zai haura da shi inda ya dace. In kuwa da gangan yake riƙe kansa a ƙasa, ko yana faɗuwa da niyya don kada a haɗa shi da tsaransa, algus ne, kuma in gasar 'yan koyo ya shiga da shi ya ci kyauta, sai ya mayar. Haka mai wasa a kwamfuta da ya sa abin da zai ɓoye hakan don a haɗa shi da masu waya. Mai biyan wani ya haura masa matsayi kuma ya shiga cikin hadisin Asma'u da Bukhari da Muslim suka ruwaito, cewa mai nuna ƙoshi da abin da ba a ba shi ba kamar wanda ya sa tufafi biyu na ƙarya ne, ga kuma ɓarnar dukiya a kan lambar da ba ta sayen ko ƙwayar shinkafa.

Ɓarakar da aka samu a cikin wasan kanta, wato kuskuren masu ƙira, tana da fuska biyu. In ta zama salon da kowa ya sani, kowa zai iya koya, kamfanin ya gani ya ƙyale, ta shiga cikin gwaninta. In kuwa irin wadda mutum zai nutse cikin dutse ko ƙarƙashin ƙasa ne yana harbi ba a iya harbinsa, wannan hila ce, kuma cewa "ai ban sa komai ba, wasan ne ya bari" ba ta wanke shi, domin ƙofar da mai gida ya manta bai rufe ba ba izinin shiga ba ce. Abin da ya shige maka duhu tsakanin biyun, tambayi masu shirya gasar kafin a fara, maganarsu ita ce sharaɗi. Haɗa baki da wani a zagayen da aka ce kowa tasa ta fisshe shi, shi ma saɓa sharaɗi ne.

Waya mai ƙarfi, sabis mai kyau, abin sa wa a kunne don jin takun abokin karawa, wasa da yatsu huɗu, duk wannan ba komai, sai in gasar ta hana wani abu da suna. Wanda kuma yake wasa shi kaɗai da na'ura ba intanet, ya sa lambobin sirrin da masu wasan suka tanada don ƙarin rai ko makami, bai cuci kowa ba.

Abokinka ka same shi ku biyu, ba a zaure ba, ka karanta masa wannan. In ya goge manhajar ya mayar da kasonsa, ku ci gaba da wasanku ba tare da zubin kuɗi ba. In ya ƙi, zumunci yana nan, gaisuwa tana nan, amma kada ka ƙara shiga tawaga ɗaya da shi matuƙar tana cikin wayarsa.

Wallahu a'alamu.